'Yar shekara huɗu ake ba wa ta ƙarshe a aji, dan Allah da wane ma'auni?

Wallahi abin da ake wa yaranmu a makarantun nazire na kuɗi a nan Legas ya kai maƙura. Daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12 duk uwar da na zauna da ita kukanmu ɗaya ne, za ki biya kuɗin makaranta, ki biya na yunifom, na littafi, na lesin, na fatin ƙarshen zango, amma babu malama ɗaya da za ta zaunar da ke ta faɗa miki ga halin da ɗanki yake ciki. Sai ranar hutu a miƙo miki ripot kad an rubuta fozishon da jan biro kawai.

Tawa shekararta huɗu. An zaunar da su a benci an raba musu takarda wai jarabawa, su rubuta 1 zuwa 100, su tashi ɗaya bayan ɗaya su karanto jihohi 36 da manyan biranensu, Abiya Umuwahiya, Adamawa Yola, yaran da ba su san sunan layin gidansu ba. Ita kuma ta tsaya ta yi tsuru tana kallon anti. Shikenan aka ba ta ta ƙarshe, a ƙasa aka rubuta da turanci wai ta cika shiru ba ta amsa tambaya, iyaye su ƙara ƙoƙari. Haba! Yarinyar da a gida ba ta barin kowa ya yi magana, ta iya Fatiha da Ƙulhuwa, idan babanta ya dawo kasuwa ita ke zama ta ware masa tumatir manya da ƙanana tana ƙirgawa, ta san kalar hijabin kowa a gidan, tana ba ƙaninta tatsuniya har da canza murya. Duk wannan babu gurbinsa a takardarsu saboda babu wanda ya taɓa durƙusawa ya tambaye ta komai cikin lallashi.

Kuma na san dalilin shirun nata. A gida Hausa take ji, a aji kuma tsawa ake mata da turanci ana haɗawa da Yarabanci, anti na tsaye a kanta da bulala a hannu. Ranar da ta dawo min da sikat a jiƙe na tambaye ta me ya faru, ta ce Umma ban san yadda zan ce ina jin fitsari ba, kuma idan na yi Hausa anti tana faɗa. Ta zauna cikin fitsari har aka tashi, 'yan aji suna mata waƙar olodo, wato daƙiƙiya da Yarabanci, suna tafi, babu wanda ya kira ni, babu wanda ya rubuto min ko layi ɗaya. Har yau idan na tuna zuciyata tafasa take.

Kada wani ya juya min magana, ni ban ce a koyar da Hausa a Legas ba, na san garin Yarbawa muke, har doka aka yi a 2018 kan koyar da Yarabanci a makarantun jihar kuma ba ni da ja, ina ma so ta iya. Abin da nake cewa shi ne malamar da ta san tana da yaran Hausawa a ajinta, me zai hana ta riƙe kalmomi biyar, zo, zauna, ruwa, fitsari, sannu? Ko ta kira uwa tun satin farko ta ce ya ake da yarinyar nan, me take tsoro, da me take wasa?

Ga gurup ɗin WhatsApp da suka buɗe mana, an kulle shi sai admin ke magana, kuma maganar ba ta wuce a kawo kuɗi, gobe a sako kaya kaza, wanda bai gama biya ba kada ya zo. Idan kin je da safe a tsayar da ke a get a ce anti tana aji, idan kin je ɗauko yaro a ce ta tafi. Homwok kuwa shafi uku ga yaron da bai iya riƙe fensir ba, ya dawo a gajiye bayan lesin har la'asar, ga babu wuta, ƙarshe uwa ce za ta kama hannunsa ta rubuta, gobe anti ta yi makin ta sa tauraro, kowa ya san ƙarya ake.

Manufar ilimi ta ƙasa fa ba haka ta ce ba. Ta ce yaran wannan mataki a koya musu lamba da haruffa da kala ta hanyar wasa, kuma malami ɗaya yara 25, amma ku leƙa ajin ku gani, an cusa su a ɗakin da ko taga mai kyau babu. Gwamnatin Legas da kanta ta hana dukan yara a makaranta, bulala kuma tana nan kan tebur. NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, amma da yawa 'yan mata ne da suka gama sakandare suna jiran JAMB aka damƙa musu aji. Ni rabin laifin ma a kan masu makarantun nake ɗora shi, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sa wa ma'aikatanta a 2024 naira 85,000 ne, su kuwa abin da suke ba waɗannan antin ko kuɗin motar haya ta danfo ba ya isa, to da wace zuciya za ta lallashi ɗan wani?

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. A daina ba 'yan nazire fozishon. A rubuta mana abin da aka gani da ido: yana wasa da 'yan uwansa ko yana raɓewa, yana iya cire takalmi ya mayar, idan an ba shi labari yana iya maimaitawa, yana jin magana daga nesa ko kunnensa na buƙatar a duba, wane hannu yake rubutu da shi. A buɗe gurup mu ma mu yi magana, a ware rana ko sau ɗaya a zango uwa ta zauna da malama.

Taron PTA mai zuwa zan tashi in faɗi wannan a gaban mai makarantar, kuma iyayenmu maza dan Allah ku bar shago na awa ɗaya ku zo, ku daina cewa harkar mata ce. Matan da ba sa jin turanci ku zo mu zauna wuri ɗaya, ni zan fassara muku duk abin da aka ce, ku ma ku faɗi naku.