Likitan da marasa lafiyarsa suka gyara masa karatu

A wurinmu da zarar an ce likitan ƙwaƙwalwa, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Dawanau ko Barnawa, da mutum ɗaure da mari. Alhali kuwa da yawa daga cikin masu zama gaban wannan likita mutane ne masu zuwa ofis da kasuwa, waɗanda ciwon damuwa ya raba su da barci da abinci, ko fargaba ta sa gabansu faɗuwa ba tare da wani dalili na zahiri ba. A ganina, wanda ya fi nuna yadda ake wannan aiki shi ne Aaron Beck, Ba'amurken da aka haifa a 1921.

Beck ya tashi ne a kan koyarwar shahararren likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud, wadda ta ce ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa. A Jami'ar Pennsylvania ya duƙufa nazarin mafarkan marasa lafiyarsa domin ya tabbatar da hakan, sai ya tarar mafarkan cike suke da asara da gazawa. Wani malamin da sai ya lanƙwasa sakamakon don kada ya ji kunya, amma shi ya ajiye ra'ayin da ya shafe shekaru a kansa, ya koma yana sauraron abin da mutanen ke faɗa wa kansu a zuci: cewa ba su da amfani, duniya ta juya musu baya, gobe ma ba za ta yi kyau ba. Daga nan ya gina hanyar jinyarsa, inda likita da majinyaci suke ɗaukar kowane tunani su nemi shaidarsa, tamkar ƙarar da aka kai gaban alƙali. A 1961 ya fitar da tambayoyi 21 na auna tsananin ciwon, waɗanda har yau ake amfani da su.

Ba na cewa magani ba shi da amfani, domin akwai wanda sai da ƙwaya yake farfaɗowa. Abin da ke damuna shi ne, hanyar Beck tana buƙatar zama na kusan sa'a guda mako bayan mako, kuma likitan da dogon layi ke jiransa a bakin ƙofa ba shi da wannan sa'ar, sai dai ya rubuta magani ya ce a dawo bayan wata guda.