Gayyar masu alƙalami

A unguwarmu akwai wata ƙungiyar matasa da ta shekara da shekaru tana yashe kwatoci kafin damina, tana kuma ɗinka wa marayu kayan salla. Bara ta watse. Ba wanda ya ci ko kwabo. Ma'ajin ne yake rubuta shige da ficen kuɗi a tsohon littafin makaranta, ruwa ya jiƙa shi, da aka zo lissafi ya ƙi tashi. Zargi ya shigo, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, gida uku ne tsakanin inda suke taro da gidan wani gogaggen akanta. Duk sanda aka kafa gidauniya yana aiko da kuɗi masu tsoka. Bai taɓa cewa a kawo masa littafin ya duba ba, su ma yaran nauyinsa suke ji.

Da can, in an kira gayya, mai fartanya da fartanyarsa yake fitowa, magini da hannunsa. Mu 'yan boko mun mayar da taimako tura kuɗi ta waya, alhali abin da ƙungiyoyin nan suka fi rasa yana cikin kawunanmu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, ta riƙa miƙa rahoto duk shekara. Lauya zai warware musu wannan a zama ɗaya. Tun 2015 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har gobe akwai ɗalibin da ranar jarrabawa ce karon farko da zai taɓa madannai, ga kuma injiniyan kwamfuta suna haɗa sahu da shi a masallaci.

Za a ce babu lokaci, kuma matasa ba sa cika alƙawari. Akwai ƙamshin gaskiya, ni ma an taɓa shanya ni. Sai dai ba a ce ka karɓe ragamar ƙungiya ba. Masu yin haka ma ɓata ta suke yi. Awa biyu a wata, bayan la'asar ɗin Asabar, sun isa akantan nan ya koya wa ma'aji yadda ake yanka rasit.

Na ji yaran suna shirin sake haɗuwa kafin ruwa ya sauka. Na ce musu wannan karon su fara ƙwanƙwasa ƙofar akantan nan, da sabon littafi a hannu.