Kwamfuta ba ta gano taɓin hankali

A Yamai, wasu na zaton idan likitan taɓin hankali ya yi magana a gaban kwamfuta, na'urar ce ke gano cutar majinyaci. Ba haka ba ne. Manhaja irin Dragon Medical aikinta mayar da magana rubutu kawai: likita yakan faɗi rahotonsa da Faransanci bayan ganawa, ita kuma ta rubuta. Gano cuta aikin likita ne, bayan ya saurari majinyaci da danginsa, sau da yawa cikin Hausa ko Zabarmanci. Manhajar ma tana kuskure, domin idan ta tsallake kalmar korewa guda, "ba ya tunanin kashe kansa" sai ya koma akasinsa, shi ya sa dole likita ya sake karanta rahoton kafin ya sa hannu.