Haya da jinya: Ingila da gida

Jama'a duk ƙorafin da muke yi kan haraji da tsadar rayuwa a nan Ingila, akwai wajen da wallahi dole a yaba musu, mutum ba ya rasa ɗakinsa don kawai ya kwanta asibiti. In kana karɓar tallafin haya na Housing Benefit aka ba ka gado, za a ci gaba da biyan hayar har sati 52, in dai kana da niyyar komawa kuma ba ka zuba wani ɗan haya a ciki ba. Masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit kuwa, wanda yanzu akasarin masu karɓar tallafi shi suke kai, wata 6 ne kacal, kuma ni dai a ganina wannan bai yi ba sam, wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko yake jinyar ƙwaƙwalwa ina wata 6 za su kai shi, ga shi in an sallame shi wajen da ya saba ya fi buƙata, da maƙwabtansa da likitan unguwarsa. A Amurka ma masu tallafin haya na Section 8 kwana 180 a jere ne iyakarsu.

To a gida fa? A Kano ko Kaduna hayar shekara ake biya gaba ɗaya, saboda haka in ciwo ya zo bayan ka biya ka ɗan huta, amma in ya haɗu da lokacin sabunta haya shi ke nan, kuɗin da aka tara wa mai gida su ne za su tafi wankin ƙoda ko tikitin Masar da Indiya, iyali kuma a kwashe su a raba gidajen dangi. Ba ofishin da za ka je. Sai 'yan uwa, sai masallacin unguwa, sai mai gida in Allah ya sa mai tausayi ne ya ce a bari sai ya samu sauƙi, kuma akwai irinsu da yawa Allah ya saka musu, amma lamari babba irin wannan bai kamata a bar shi kan halin mutum ɗaya ba.

Inda dokar nan ba ta san mu ba shi ne maganar komawa gida jinya. Mu in jiki ya ƙi daɗi wajen uwa da 'yan uwa muke so, a dama mana kunu a zauna da mu. Amma daga 2016 mai Housing Benefit da ya fita ƙasar sati 4 kawai ake ɗaga masa, Universal Credit wata 1, sai fa in tafiyar ta neman magani ce a hannun ƙwararren likita ko hutun jinya da likita ya amince da shi, nan ne ake kaiwa sati 26 ko wata 6. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba, su hau jirgi shiru su dawo su tarar da bashin haya. Don Allah kafin ka kai Baba ko Hajiya gida jinya ka karɓi takardar likita, ka sanar da kansul, wato ƙaramar hukumar da ke biyan Housing Benefit, ko ka rubuta a shafinsu na Universal Credit tun kafin ranar tafiya.