Wa ya ce muku ta warke?

Tun jiya nake danne zuciyata kan maganar wata baiwar Allah da aka ɗora bidiyonta a intanet bayan ciwon sankarar mama ya dawo mata, amma abin da na karanta a ƙarƙashin bidiyonta ya ƙi bari na yi shiru. Wai likitoci sun yaudare ta, sun ce ta warke sun cinye kuɗin mijinta. Wani malami na Facebook ya ƙara da cewa ai shi daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa sai ya fusata. Sannu likitan likitoci! Har da mai maganin gargajiya da ya lallaɓo ya ajiye lambar wayarsa a ƙarƙashin hawayen matar mutane.

Ku faɗa min, wane likita ne ya ce ta warke? Ku kuka ce. Ku kuka yanka rago, kuka yi walima, kuka ɗinka anko ranar da ta sha kemo na ƙarshe, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Likita cewa ya yi an gama wannan zagaye na magani, ta dawo bayan wata uku. Ita kanta ta faɗa a bidiyon cewa sama da shekara ba ta koma ba, don mutanen gida sun ce a daina tone-tone tunda Allah ya ba da lafiya. Wannan jimlar kuka tsallake, kuka tafi zagin asibiti.

Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce, kuma tata ita ce wadda ake kira tiriful negetib. Idan aka ɗebi tsokar ƙarin aka kai ɗakin gwaji, abu uku ake nema a jikinsa: ko yana amsa sinadarin mata na istirojin, ko na furojestaron, ko yana da furotin ɗin HER2. Mai amsa sinadaran mata ana ba ta ƙwaya irin tamoxifen ta yi shekara 5 zuwa 10 tana sha, tana tsare ta. Mai HER2 tana da allurarta, Herceptin. Wadda aka nemi ukun aka rasa, wato mai tiriful negetib, waɗannan magunguna ba su da abin kamawa a jikin ciwonta. Galibi abin da ya rage mata shi ne kemo da tiyata da gashin ciwon da na'ura, sai kuma sa ido. A duniya wannan nau'i kusan kashi 10 zuwa 15 ne cikin 100 na masu sankarar mama, amma a matan Afirka ta Yamma ya fi haka yawa, kuma ya fi kama mata masu ƙananan shekaru, masu goyo da masu yara a firamare. Wato namu ne, ba labarin Turai ba ne.

Halinsa kuwa, in zai dawo da wuri yake dawowa. Shekara 3 na farko su ne mafi hatsari. In mace ta haye shekara 5 lafiya, hatsarin yana faɗuwa ƙasa sosai, saɓanin sankara mai amsa sinadaran mata da kan iya yin lamo shekara 10 ko 15 sannan ta ɗago kai. Ku dubi abin takaici: daidai lokacin da ya kamata a fi sa ido, lokacin ne muke naɗe katin asibiti mu cusa a ƙasan akwati tare da tsofaffin zannuwa. Na ga irin katin nan da idona a gidan wata 'yar'uwarmu, an rubuta ranar komawa da jan biro, ranar ta wuce da wata bakwai, takardar har ta ɗauki ƙanshin turaren wuta.

Masu cewa wuƙa ce ta tayar da shi, ku ji. Kafin a kai mace ɗakin tiyata, wasu ƙwayoyin ciwon kan riga su bi jini ko jijiyoyin hammata su tafi, ƙanana ne ƙwarai, babu hoton da zai nuna su. Kamar garwashi ne a cikin toka. Saboda su ake yin kemo, ba don mugunta ba. Wani lokaci kemo ya cinye su duka, wani lokaci kaɗan su tsira su ɓulla a huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Kuma girman ƙarin ranar da aka fara zuwa asibiti, da ko ya riga ya kai hammata, su ne ke ƙara hatsarin dawowa. To wa ya riƙe ta a gida wata takwas ana shafa mata saiwa da man shanu har wurin ya fashe? Wuƙa ce?

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, tashi da asuba a kama motar zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko na Sakkwato ba wasa ba ne, kuma gida ya riga ya sayar da gona. Amma kuɗin ragon walima da anko da sun kai ta ganin likita sau nawa? Komawar nan sau da yawa ba wani babban abu ba ne, a duba tabon, a lalubi hammata da saman ƙashin wuya, a tambaye ta tari ko ciwon kai, duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, a yi hoton mama sau ɗaya a shekara. Za a kuma ce tawakkali. Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kada ku ɗora wa addini lalacinku.

Wallahi ba don in tsorata kowa nake wannan rubutu ba. Mata da yawa masu wannan nau'i sun gama magani, ciwon bai dawo ba, suna nan suna aurar da 'ya'yansu. Wadda aka yi wa kemo kafin tiyata, aka buɗe aka tarar ƙarin ya narke gaba ɗaya, tana da kyakkyawan fata ƙwarai. Wadda aka tarar da saura, akwai ƙwayar capecitabine da ake ƙara mata don rage hatsarin. Amma wa zai rubuta mata in ba ta koma ba? Yaya, Anti, Umma, in kin ji wani ƙullutu a kan tabon, ko tari da ya ƙi tafiya, ko numfashi na yi miki wuya, ko ciwon kai da ba ki saba da shi ba, ko ƙashi na ciwo dare da rana, kada ki jira ranar da ke kan kati. Ki tafi. Kai kuma maigida, tsugune ba ta ƙare ba don gashin kanta ya tsiro. Ba wanda ya ce ta warke, cewa aka yi ta dawo.

Af, sannan ku masu neman wa marasa lafiya taimako, don Allah wa ya ba ku izinin ɗora hoton ƙirjin matar mutane a buɗe? Takardar asibiti da lambar asusu ba su isa ba sai kun tsiraita ta? Matar nan tana da 'ya'ya a makaranta, abokansu na da waya. Na ga wani shafi ya ma liƙa tambarinsa a kan hoton, wai kada a sace masa. Na yi masa magana ta akwatin saƙo tun safe, ya karanta bai ba ni amsa ba.