Ba wanda ya tilasta mana shiga UPOV

Tun da Najeriya ta zama mamba a ƙungiyar UPOV, mai kare haƙƙin masu samar da sabon nau'in shuka a duniya, a watan Maris na 2025 nake jin ana yi wa juna barka, wai yanzu kamfanonin iri na duniya za su kwararo mana da ingantaccen iri. Ni da na tashi a ƙauye cikin ƙasar Taura, nake cin kasuwar Gujungu tun ina riƙe wa mahaifina igiyar jaki, ban ga abin barka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne hujjar da ake kafawa, cewa dokokin cinikin duniya ne suka ɗaure mu. Wannan ba gaskiya ba ne.

Yarjejeniyar TRIPS kan haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka sa wa hannu a Marakesh ta ƙasar Maroko a 1994 ta fara aiki a 1995 ƙarƙashin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ta ce lallai kowace ƙasa ta kare haƙƙin wanda ya samar da sabon nau'in shuka. Amma sashe na 27 ya bar wa ƙasa zaɓi: ko ta yi da takardar mallakar ƙirƙira, ko ta tsara dokarta da ta dace da ita. Ko sunan UPOV babu a cikin yarjejeniyar. Indiya ma mamba ce a WTO, kuma a 2001 ta yi dokar da ta ce manomi na da ikon ajiye iri, ya sake shukawa, ya yi musaya, har ya sayar, muddin bai sa shi a leda da tambarin kamfani ba. Shi ya sa a 2019, da kamfanin PepsiCo ya maka wasu manoman jihar Gujarat ta Indiya a kotu kan wani nau'in dankalin turawa, manoman suka sami doka a bayansu, kamfanin ya janye ƙarar. Mu ma a Afirka muna da samfurin doka da tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ta amince da shi a 2000, wanda ya ambaci haƙƙin manoma da na al'umma. Muka tsallake duk wannan, a 2021 aka sa hannu kan dokar da aka ɗinka daidai wuyan yarjejeniyar UPOV ta 1991.

To me ke cikin tsarin? Mai sabon iri yana riƙe haƙƙinsa aƙalla shekara 20, na itatuwa 25. A tsawon wannan lokaci ba mai yaɗa irin ko sayar da shi sai da izininsa. Ana iya yi wa manomi sassauci ya ajiye abin da zai shuka a gonarsa, in gwamnati ta ga dama. Amma ya auna tiya biyu ya kai kasuwa a matsayin iri? Nan ƙofar a rufe take.

Duk wanda ya san ƙauye ya san da wannan tiya biyun noma yake tafiya. Da kaka ake ware zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure ta daban a sa a rumbu. In shukar fari ta ƙone saboda ruwa ya ɗauke, ba kanti ake zuwa ba, gidan maƙwabci ake zuwa: "Baba Malam, a taimaka mini da iri, in Allah ya kai mu kaka na mayar." Ingantaccen irin da ya fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ma haka ya shiga gari. Malamin gona ya ba mutum ɗaya, shi ya ba surukinsa, kafin damina uku ya kai ƙauyuka goma.

Za a ce dokar ba ta taɓa farfara da kaura da kananado ba, sai irin da aka yi wa rajista. Haka ne, kuma a nan zaluncin yake. Kafin a ba iri kariya sai ya zama sabo, ya bambanta da saura, tsironsa ya fito bai ɗaya, kuma kada ya sauya daga shekara zuwa shekara. Irin kakanninmu ba ya fitowa bai ɗaya, wannan bambancin ne ma yake sa wani ya tsira in fari ya kashe wani. Saboda haka shi ba shi da kariya. Kamfani na iya ɗaukar dawar da mutanen Hadeja da Gumel suka yi zamanai suna tacewa, ya haɗa ta da wata, ya yi rajista, jikokin masu ita su saya da kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Habasha ta ɗanɗani irin wannan, da wani kamfanin Holan ya mallaki haƙƙin sarrafa garin tef, hatsin da suka gada, sai da kotu a can Holan ta rushe mallakar.

Masu cewa ba wanda zai bi ƙaramin manomi har Maigatari ya kama shi, ina tambayarsu: a kan sakacin hukuma za mu jingina abincinmu? Su kuma masu cewa mai bincike ya cancanci lada, ba wanda ya musa. Indiya tana biyan nata masu binciken ba tare da ta mai da manomi ɓarawo ba.

Mun ga yadda waɗannan dokoki suke idan rai ya zo hannu. Sai da kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu saboda tana neman maganin ƙanjamau mai rahusa, kafin kunya ta sa su janye a 2001. Wanda ya ga wannan bai kamata ya miƙa rumbunsa da hannu biyu ba.

Majalisar Tarayya ta dawo da dokar 2021 gabanta, ta rubuta ƙarara cewa ƙaramin manomi na da ikon ajiyewa, musaya da sayar da irin da ya noma. Gwamnatocin Kano da Jigawa kuma su sa a tattara irinmu na gado, na gero, dawa, wake, riɗi da zoɓo, a rubuta kowanne da sunan garin da ya raine shi. 'Yan majalisarmu su fara gaya mana ko sun karanta dokar kafin ta wuce ta gabansu.