Jarumin da ba zai iya kiran 'yan sanda ba

Akwai wani nau'in littafin bincike da Turawan Ingila suka ƙware a kai, za a yi kisa amma ba za ka ga jini ba, ƙaramin ƙauye ne mai coci ɗaya da shagon shayi ɗaya kowa ya san kowa, sai a wayi gari a tsinci gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa, kuma mai gano wanda ya yi aika-aikar ba ɗan sanda ba ne, wata tsohuwa ce mai saƙa ko wani malamin makaranta. Agatha Christie ce ta fito da abin sosai da tsohuwar jarumarta Miss Marple wajen 1930. To marubutan yanzu sun ƙara masa gishiri, suna mayar da labarin zamanin Sarauniya Victoria ko bayan yaƙin duniya na ɗaya, su zuba fatalwa da masu kiran ruhin matattu, sannan jarumin ya zama namiji mai neman namiji ko mace mai neman mace. Wasu na cewa cusa su kawai ake yi don neman kasuwa. Akwai masu yin hakan kam, amma ni a ganina idan marubucin ya san aikinsa wannan jarumin ne ya fi dacewa da labarin, kuma ba sai ka yarda da rayuwar mutanen ba kafin ka gane, magana ce ta yadda ake gina labari.

Tsohuwar matsalar irin wannan littafi ita ce, me zai sa mutum mai hankali ya bi sahun mai kisan kai da kansa alhali ga ofishin 'yan sanda? Yawanci amsar shisshigi ne kawai. Amma ka ɗauki wani mutum a Landan a 1890. Dokar 1885 ta sa duk wata mu'amala irin wannan tsakanin maza biyu ta zama laifi ko da a cikin ɗaki ne, hukuncin har shekara 2 da aiki mai tsanani, shi aka yanke wa marubuci Oscar Wilde a 1895. Dokar ta buɗe wa masu barazanar tonon asiri kasuwa, wasiƙa ɗaya ta faɗa hannun bara ko tsohon aboki shi ke nan ka dinga biyan kuɗin rufe baki ke nan. Yanzu sufeto ya zaunar da shi ya ce, ina kake daren Talata da aka kashe mutumin nan? Yana da shaida, ba shi kaɗai ya kwana ba, amma in ya faɗi wanda suke tare su biyun gidan yari za su, in kuma ya yi shiru igiya ce ke jiransa don a lokacin rataye mai kisa ake yi. Gaba kura baya sayaki. Dole ya nemo mai laifin da kansa, ba marubuci ne ya tura shi ba, doka ce.

Su mata nasu daban ne, dokar ba ta ambace su ba. A 1921 an so a haɗa da su, majalisar dattawan Ingila ta yi fatali da batun, wai yin dokar zai sanar da matan da ba su taɓa jin labarin abin ba. Ga shi yaƙi ya cinye samari, mata biyu su kama gida ɗaya suna kiwon kaji ba wanda zai ɗaga gira, ita kanta Christie ta saka irin waɗannan biyun a wani littafinta na 1950 ba tare da ta faɗi komai ɓaro-ɓaro ba.

Batun fatalwa kuwa nan ne nake ɗan jan baya. A 1929 marubuci Ronald Knox ya jera dokoki 10 na rubuta labarin bincike, ɗaya daga ciki ta hana shigo da abin gaibu kwata-kwata, kuma yana da gaskiyarsa, in fatalwa za ta fito ta ce wane ne ya kashe ni to me ya rage wa mai karatu. Sai dai zaman kiran matattu abu ne da ya cika Ingila da gaske bayan 1918, iyaye na neman jin muryar 'ya'yansu da suka mutu a fagen daga, har Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes ya tsunduma ciki tsamo-tsamo. Su ma masu sana'ar doka na farautarsu, a 1944 aka ɗaure Helen Duncan, wata mai kiran ruhin matattu, da dokar maita ta 1735. Don haka mai ganin fatalwa shi ma ba zai iya ce wa sufeto ga inda na samo labari ba, in aka yi amfani da shi ta nan abin yana zaunawa.

Inda marubutan suke ba ni haushi shi ne in suka ƙirƙiro ƙauyen da kowa ya sani kowa ya yarda, limamin coci na murmushi, ɗan sanda na kawar da kai, uwa na kawo musu shayi har ɗaki. Wai don labarin ya yi daɗin karantawa. Wannan ƙarya ce aka yi wa tarihi, ƙasar da har 1952 ta gurfanar da masanin lissafi Alan Turing kan mu'amala da wani namiji, kuma sai 1967 aka sassauta dokar a Ingila da Wales, shi ma ga waɗanda suka kai shekara 21. Ba ina cewa dole a ƙare da kuka ba fa, an yi waɗanda suka sha, Edward Carpenter da George Merrill sun zauna tare wajen shekara 30, yawancinta a wani ƙauye kusa da Sheffield, ba a taɓa ɗaure su ba. Marubucin da ke son ƙarshe mai daɗi yana da inda zai dafa, amma ya nuna mana wasiƙun da ake ƙonawa a murhu da ɗaki na biyu da ake gyara gadonsa kullum saboda idon 'yar aiki.